Takhti Sulaiman: kangon gidan wutar sarakunan Farisa da dalilin da ya sa ake tsaronsa har yau

A can arewa maso yammacin Iran, cikin lardin Azarbaijan ta Yamma, in ka bar garin Takab ka nausa cikin duwatsu tafiyar kilomita 40 da 'yan kai, za ka tarar da wani tudu mai shimfiɗaɗɗen kai, da tafki a tsakiyarsa, tsohuwar ganuwar dutse ta zagaye shi. Mutanen wurin suna ce masa Takhti Sulaiman, wato karagar mulkin Annabi Sulaiman (AS). Amma abin da ke cikin ganuwar nan kangon gidan wuta ne na Majusawa, kuma ba ƙaramin gidan wuta ba, shi ne wanda sarakunan Farisa da kansu suke zuwa ziyara kafin zuwan Musulunci. A shekarar 2003 hukumar UNESCO ta saka shi cikin jerin wuraren tarihi na duniya.

Na san abin da wani zai fara cewa, to mu ina ruwanmu da kangon masu bautar wuta? Tambaya ce mai kyau kuma ba na raina ta, sai dai ni a ganina duk wanda ya taɓa zama gaban malami aka karanta masa labarin Kisra da Hirakal, ko aka yi masa tafsirin farkon Suratur Rum, to yana da ruwa da wurin nan ko bai sani ba, dan a nan ne wani sashe na wancan labarin ya faru, a kan ƙasa, da duwatsun da har yanzu ana iya taɓa su da hannu.

Bari in fara da ruwan, dan shi ne tushen komai. Tafkin nan ba ruwan sama ne ya taru ba, idon ruwa ne da ke ɓuɓɓugowa daga can ƙarƙashin ƙasa, tsawonsa wajen mita 120, faɗinsa wajen mita 80, zurfinsa kuma ya haura mita 60, kuma gefensa ba gangare ba ne, daga baki kawai sai rami. Ruwan yana ɗauke da farar ƙasa da gishirin ma'adinai sosai, duk inda ya bi sai ya bar wani farin ɓawo kamar wanda ke taruwa a gindin butar shayi in an daɗe ana tafasa ruwan rijiya a ciki, to wannan ɓawon ne ya yi ta hawa kan juna shekaru dubbai har ya zama tudun gaba ɗaya, wanda ya ɗaga sama da kwarin da ke kewaye da shi da kusan mita 60. Ka ga kenan ruwan ne ya gina wa kansa tudun da yake zaune a kai. Ga shi wurin yana sama da mita 2000 daga bakin teku, hunturunsa mai tsanani ne, dusar ƙanƙara ta rufe ko'ina, amma ruwan tafkin yana nan da ɗuminsa rani da hunturu. Ba a shan sa saboda yawan ma'adinan, sai dai magudanai biyu da ke fita daga cikinsa suna gangarawa gonakin da ke ƙasa.

Kilomita 3 yamma da nan akwai wani dutse mai siffar mazurari a kife, tsayinsa wajen mita 100, cikinsa rami ne fayau mai zurfin gaske. Shi ma da idon ruwa ne irin wannan, daga baya ya ƙafe. Masu haƙar tarihi sun samu ragowar wurin bauta a wuyan dutsen tun na farko farkon shekaru dubu kafin haihuwar Annabi Isa (AS), wanda ke nuna cewa tun kafin a kawo maganar gidan wuta mutanen yankin suna ganin ruwan nan da girma. Shi ake kira Zindani Sulaiman, kurkukun Sulaiman, wai a ciki yake ɗaure aljanun da suka yi masa taurin kai. Zan dawo kan sunayen nan.

Su Majusawa, mabiya Zaradashti, in ka tambaye su za su ce maka ba wutar suke bauta wa ba, Ahura Mazda suke bauta wa, wutar alama ce ta tsarki da haske da suke fuskanta lokacin ibada. Mu dai abin da muka yi imani da shi a bayyane yake, amma in ana bayanin mutane ya kamata a faɗi abin da su suke faɗa game da kansu. Malaminsu ana ce masa mobad, yana rufe baki da hanci da farin ƙyalle in zai kusanci wutar dan kar numfashinsa ya ɓata ta, yana zuba mata busasshen itace sau biyar a yini, kuma babban abin kunya da musiba a wurinsu shi ne a ce wutar ta mutu. A zamanin daular Sasaniyawa, wadda ta mulki Farisa daga 224 zuwa 651, akwai manyan wutace guda uku da suka fi sauran daraja, Adur Farnbag ta malamai, Adur Burzen Mihr ta manoma, sai Adur Gushnasp ta mayaƙa da sarakuna. To ita ta ukun nan ce aka ajiye a bakin wannan tafki.

Ginin farko da tubalin laka aka yi shi a cikin ƙarni na 5, daga baya a ƙarni na 6 da farkon na 7, zamanin Kisra Anushirwan (531 zuwa 579) da jikansa Kisra Parwiz (590 zuwa 628), aka sake shi da sassaƙaƙƙen dutse da ƙonannen tubali. Ganuwar tana da tsayin wajen mita 13 da hasumiyoyi 38 da ƙofofi biyu. In ka shigo ta ƙofar arewa, hanya ce miƙaƙƙiya da za ta bi da kai ta farfajiya da zauruka har ɗakin wutar, wanda ɗaki ne mai kusurwa huɗu da baka huɗu suna riƙe da ƙubba, a Farisanci ana ce wa irin ginin chahar tak. Daga ɗakin wutar in ka ci gaba kudu sai wani babban zaure mai rufin baka wanda gabansa a buɗe yake yana kallon tafkin, shi ne suke kira iwan. Wato mai ginin ya jera ƙofa da wuta da ruwa a kan layi ɗaya, da gangan. A gefen gabas na ɗakin wutar akwai wani ɗaki mai siffar gicciye, a gefen yamma kuma dogayen zauruka masu ginshiƙai da ke kaiwa ga wani ƙaramin wurin ibada na biyu. Wasu na danganta wani sashe na ginin da Anahita, wadda Farisawan da suke ɗauka ita ke da ruwa. Sannan a kusurwar arewa maso yamma ta tafkin ga babban iwan na sarki, wanda har yau ɓangaren bangonsa shi ne abu mafi tsayi da ido ke fara gani.

Marubutan tarihi na Musulmi sun kawo cewa sarkin Farisa in an naɗa shi a Mada'in, babban birnin daular, yakan taso ya zo wannan gidan wuta ziyara, har ana cewa da ƙafa. In za a fita yaƙi a zo nan, in an ci nasara a aiko da kaso daga ganima. An ruwaito sarki Bahram Gur ya yi haka, shi ma Kisra Parwiz ya yi haka lokacin da yake faɗan ƙwato gadon sarautarsa daga hannun Bahram Chobin a 591. Saboda haka wurin ya tara dukiya ba kaɗan ba, kuma martabar gidan sarauta a ɗaure take da shi.

To a nan ne labarin ya haɗu da wanda muka sani. A 614 rundunar Kisra Parwiz ta ci Baitul Maƙdis daga hannun Rumawa, ta kwashe dukiya har da gicciyen da Kiristoci suka fi girmamawa. A lokacin Musulmi suna Makka cikin wahala, mushirikai suna murna wai masu wuta sun ci ma'abota littafi, sai Allah ya saukar da farkon Suratur Rum, cewa an rinjayi Rumawa amma su ma za su yi rinjaye cikin 'yan shekaru kaɗan. A ido a wancan lokacin babu alamar haka, dan Farisawa sun ci Sham, daga baya ma suka ci Masar. Sai Hirakal sarkin Rumawa ya sake shiri, maimakon ya tsaya kare gida sai ya bi ta Armeniya ya faɗo cikin Azarbaijan, wajen 624 ya iso wannan yanki, Kisra ya janye, aka gudu da wutar, Rumawa suka shiga gidan wutar suka ragargaza shi ramuwar abin da aka yi musu a Ƙudus. Shekarar 624 ita ce shekarar Badar, kuma malaman tafsiri da yawa sun haɗa murnar biyun. Ni wallahi duk lokacin da na kalli hoton wurin nan wannan ne ke fara zuwa raina, cewa ayar da muke karantawa a sallah tana da wani fili a duniya da za a iya nunawa a ce ga ɗaya daga cikin inda abin ya faru.

Kuma shi wannan Kisra Parwiz ɗin shi ne wanda Manzon Allah (SAW) ya aika wa wasiƙa ta hannun Abdullahi ɗan Huzafa ya kekketa ta. A 628 ɗansa Shiruya ya tumɓuke shi aka kashe shi, ba a yi shekara 25 ba daular ta ƙare da mutuwar sarkinta na ƙarshe Yazdajird a 651. Amma akwai abin da nake so a bambance, ruwayar nan da ake yawan karantawa lokacin mauludi cewa wutar Farisa ta mutu daren haihuwar Annabi (SAW) kuma tafkin Sawa ya ƙafe, ba ta ambaci wannan gidan wutar ba, Sawa ma wani gari ne daban can kusa da Ƙum, malaman hadisi kuma sun yi magana a kan isnadinta. Haka Salmanul Farisi (RA) da ya yi tsaron wuta yana yaro, a ƙauyensu ne wajen Isfahan. Bai kamata dan muna son labari ya yi daɗi mu jingina wa wuri abin da ba nasa ba, abin da ya tabbata a kansa ma ya isa.

Abin da ya fi jan hankalina a tarihin wurin shi ne abin da ya faru bayan Musulmi sun zo. Bayan ɓarnar Rumawa an dawo da wutar an gyara abin da za a iya gyarawa. A zamanin Sayyidina Umar (RA) aka ci Azarbaijan, kuma Balazuri, masanin tarihin yaƙoƙin farko, ya kawo sulhun da Huzaifa ɗan Yaman (RA) ya yi da shugaban yankin, za su biya dirhami 800,000, su kuma Musulmi ba za su kashe kowa ko su bautar da shi ba, ba za su rushe gidan wuta ba, kuma ba za a hana mutanen Shiz raye rayensu na ranakun bikinsu ba. Shiz shi ne sunan da Larabawa ke kiran wannan wuri. Ka duba fa, sahabi ne, mai riƙe da sirrin Annabi (SAW), ya ci ƙasa da ƙarfi, yana da ikon ya sa a baje ginin nan cikin sati guda, amma ya rubuta alkawari ya bar shi. Wanda ya rushe wurin Hirakal ne, waɗanda suka bar shi a tsaye Musulmi ne. Mutane da yawa, har cikin masu rubutu a kan Iran, suna juya labarin nan baibai.

Kuma alkawarin ya riƙu, dan a ƙarni na 10, wato kusan shekara 300 bayan haka, wani matafiyi Balarabe Abu Dulaf ya je Shiz ya rubuta cewa wutar tana ci, masu kula da ita suna cewa ta shekara 700 ba ta mutu ba, ya ambaci ma'adinan zinariya da wasunsu a duwatsun yankin, har ya ce ya jefa igiya cikin tafkin bai taɓo ƙasa ba. Daga baya ne a hankali, mutane suna musulunta, masu hidimar suna raguwa, gidan wutar ya mutu da kansa, talakawa suka shiga cikin ganuwar suka yi gidajensu a tsakanin tsofaffin zaurukan.

Sai ƙarni na 13 wurin ya sake farfaɗowa ta hanyar da ba wanda zai zata. Abaƙa Khan, sarkin Mongol, ɗan Hulakun nan da ya rushe Bagadaza a 1258, ya mulki Iran daga 1265 zuwa 1282, shi ya zaɓi tudun nan ya gina fadar da yake hutawa da bazara. Maginansa ba su share tsohon ginin ba, a kansa suka ɗora, suka zagaye tafkin da babbar farfajiya mai iwan huɗu, suka gyara babban iwan na Kisra suka yi masa ɗakuna biyu masu kusurwa takwas a bayansa, suka ɗora wani zaure a saman tsohon ɗakin wutar da matakala mai faɗi. Bangon fadar an lulluɓe shi da tayil masu ƙyalli, wasu shuɗi da ruwan zinariya, akwai masu kwanan wata na shekarun 1270, a jikinsu ga zanen dodanni da tsuntsaye irin na Sin ga kuma baitocin waƙar Firdausi a kan tsofaffin sarakunan Farisa. Shi Abaƙa ba Musulmi ba ne, ba Bafarise ba ne, amma yana so a gan shi a matsayin magajin Kisra, shi ya sa ya zo ya zauna daidai inda Kisra ya zauna. An samu har murhun da ake gasa tayil ɗin a wurin, an kuma samu wani faifan farar ƙasa da magini ya zana tsarin adon muƙarnas a kai, irin adon nan mai kama da saƙar zuma da ake gani a rufin manyan masallatai, kuma yana cikin mafi tsufan zanen irinsa da aka sani. Wannan fada na cikin 'yan kaɗan na sarakunan Mongol a Iran da ragowarsu ta kai zamaninmu.

Sunan Sulaiman kuwa daga baya ya zo. Akwai maganar da ake yawan yi wai mutanen wurin ne suka laƙaba masa sunan Annabi dan su yaudari Larabawa kar su rushe shi. Ni ban yarda da ita ba, dan Larabawa Shiz suka san shi kuma da sunan Shiz suka rubuta sulhu, a zamanin Mongol ma wani suna daban yake da shi, sai bayan an watse an bar shi kango ne aka fara jin Takhti Sulaiman. Abin da ya fi kama da gaskiya shi ne makiyaya da manoman yankin sun ga duwatsun da ba su ga yadda ɗan Adam zai ɗaga ba, suka ce sai dai aljanun Annabi Sulaiman. Daga nan dutsen mai rami ya zama kurkukunsa, wani dogon ɓawon farar ƙasa mai lanƙwasa da tsohon magudanin ruwa ya bari ya zama macijin da ya mayar dutse, wani babban dutse mai tsayin sama da mita 3000 a arewa maso gabas, wanda akwai kangon ginin Sasaniyawa a ƙololuwarsa, ya zama karagar Bilkisu. Tatsuniya ce, amma ita ma wani sashe ne na gadon wurin, dan tana nuna yadda Musulmin yankin suka ɗauki kangon suka ba shi mazauni a cikin nasu tunanin.

Turawa sun fara zuwa a ƙarni na 19, Robert Ker Porter wajen 1819, sai Henry Rawlinson a 1838, a 1937 kuma wata tawagar Amurka ta auna wurin aka ɗauki hotonsa ta jirgin sama. An daɗe ana gardama ko nan ne gidan Adur Gushnasp ko wani wuri ne. Abin da ya kashe gardamar haƙar da cibiyar binciken kayan tarihi ta Jamus ta yi ne daga 1959 zuwa ƙarshen shekarun 1970, ƙarƙashin su Rudolf Naumann da Dietrich Huff. A wani ɗaki kusa da ƙofar arewa suka ci karo da tarin dunƙulen yumɓu sama da 200, irin wanda ake mannawa a bakin takarda ko kaya a buga hatimi a kai. Takardun sun ruɓe tuntuni, yumɓun ya rage, kuma a jikin wasu ga rubutun hatimin babban malamin gidan wutar Gushnasp ɓaro ɓaro. Ɗan yumɓun da bai cika tafin hannu ba shi ya tabbatar da abin da littattafai suka kasa tabbatarwa, kuma da wani mai neman zinariya ne ya riga su shiga ɗakin nan da ya tattake su ya wuce bai san ya ɓata komai ba.

Da UNESCO za ta karɓi wurin, cikin hujjojin da ta kafa akwai cewa tsarin ginin Sasaniyawa na nan ya yi tasiri a kan gine ginen Musulunci, kuma gaskiya ne, duk wanda ya kalli babban masallacin Juma'a na Isfahan zai ga ɗaki mai ƙubba da iwan a gabansa, fasahar da maginan Farisa suka gada daga kakanninsu suka shigo da ita Musulunci suka yi wa Allah ɗaki da ita. Ga kuma hujjar cewa wuri ɗaya ya riƙe tarihin ibada na wajen shekara 2500. A wurina ajiye irin wannan kango ba girmama wuta ba ne, Alƙur'ani da kansa ya ce a yi tafiya a bayan ƙasa a duba yadda ƙarshen waɗanda suka gabata ya kasance, to in an share wurin me za a duba?

Matsalar yanzu ita ce shiga jerin UNESCO ba ya hana gini faɗuwa. Babban abokin gabar wurin hunturu ne, ruwa ya shiga tsagar dutse da rana, da dare ya daskare ya buɗa tsagar, shekara bayan shekara, ga yankin ana girgizar ƙasa. Abin da aka haƙo aka fito da shi fili, wanda da ƙasa ta rufe shi tana kare shi, yanzu shi ke shan wannan dukan kai tsaye. Bangon babban iwan ɗin nan ya daɗe a tokare da ƙarafuna, a hotunan wurin da yawa za ka gansu, kuma watannin da za a iya aikin gyara a shekara kaɗan ne saboda sanyi. Ga ma'adinan da Abu Dulaf ya ambata, yau sun zama manyan mahaƙun zinariya a yankin Takab, Zarshuran na cikin mafi girma a Iran, kuma duk inda ake fasa dutse da jan ruwan ƙasa kusa da wurin da rayuwarsa ta dogara da idon ruwa dole hankali ya tashi. Sannan ga jita jitar cewa akwai dukiyar sarakuna a gindin tafkin, irin maganar da ke jawo masu haƙar dare.

Tayil ɗin fadar Abaƙa kuma a warwatse suke, wasu a gidan tarihi na Tehran, wasu a Berlin, wasu a wasu gidajen tarihin Turai da Amurka, ta yadda yaron da aka haifa a ƙauyen da ke gindin tudun, Baturke ne ko Bakurde, zai iya tsufa bai ga mafi kyawun abin da aka ciro daga bayan gidansu ba. Wannan yana damuna ƙwarai, dan su ne ke kwana kusa da wurin, su ne za su fara jin ƙarar diga in wani ya zo haƙa da dare, kuma in ba su ga amfanin da wurin yake musu ba, ta aikin gadi da gyara da jagorancin baƙi da kasuwar da masu ziyara ke kawowa, babu wata takarda daga ofishin UNESCO a Paris da za ta sa su tashi cikin sanyin nan su leƙa.